Tabarmar Baffa a Bakin Binuwai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga mahaifinka Sule Mai Ƙirgi, a Garwa, zuwa ga ɗana Nasiru, malamin dabbobi, a Bogo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda gwamnati ta kai ka. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

Na rubuta maka wannan da hannuna, da ajami, don na san faransancin lekol, makarantarku ta boko, bai kore maka shi ba. Ranar da muka raka ka tashar mota ban ce maka komai ba sai Allah Ya kiyaye hanya. Ka san halina, a gaban jama'a bakina nauyi gare shi. Amma akwai maganar da na riƙe tun ranar da aka ce Bogo za a kai ka, kuma in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

Aikin da aka ba ka irin nawa ne, ko da yake kai allura ke hannunka, ni kuwa ƙirgi. Da damina ta ɗauke, Fulani za su kora shanunsu zuwa yayre, fadamun nan na wajen Logon, kuma kafin su tashi dole kowace saniya ta sha rigakafi. Makiyayi ba zai tsaya jiran ka shirya ba, ranar da ciyawa ta kira shi zai kama hanya. In garke ya tafi babu allura, cuta ta shige shi a can, sunanka za a kira. Ga shi kuma an kai ka garin da dangin mahaifiyarka suka cika, Mindif, garin da na tashi, ma ba nisa. Kowa zai zo ya ga ɗansa da ya zama ma'aikacin gwamnati, kuma kowa da safe zai zo. Wannan ne ya kusa kayar da ni a zamanina, shi ya sa zan ba ka labarin tun daga farko.

Kai ka girma ne ka tarar manyan motoci suna kwasar kayanmu zuwa Ngaundere a zuba a jirgin ƙasa, rani da damina. Da ba haka ba ne. Kafin yaƙin Najeriya ya tare kogin, Garwa da Binuwai take ci. Sai tsakiyar damina ruwa yake cika har jirage su iya hawowa, su wuce Yola, su iso mana da gishiri da kananzir da yadi. Su sauke, su ɗauki auduga da gyaɗa da ƙiraga, su juya. 'Yan makonni ne kawai a shekara. A bakin tashar akwai wani gungume da aka kafa cikin ruwa aka yi masa zane-zane, kowace safiya kyaftin ɗin jirgi sai ya leƙa shi. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa da zanen da ya sani, zai busa ƙaho ya tafi ko da rabin jirgin wofi ne, domin in ya yi nawa yashi zai riƙe shi har wata damina. Ba a roƙonsa, ba a kai masa goro, bai kuma san ɗan wane ba.

Ni aikina shi ne mahautan Garwa su ba ni ƙiragan shanun da suka yanka duk shekara bisa amana. In shanya, in ware mai kyau da marar kyau, in ɗaure dami-dami, in sa a jirgi. In ƙirgi ya shiga jirgi kowa ya ci. In ya kwana wata shekara a sito, ƙwaro da danshi ne za su raba shi tsakaninsu, mahauci ya tashi a banza.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka aikin ruwa sai ruwa ya zo ake fara shi. Shekarar da aka fara ba ni amanar, rani ya same ni a gindin bishiya ina buga dara, ba bikin da ke wuce ni, ƙiraga kuwa suna jibge a sito yadda aka kawo su. In mahaifiyarka ta yi magana sai in nuna mata kogin, yashi fari fat har yara suna tsallakawa da ƙafa, in ce ina jirgin da take gani. Ranar da na ji ƙahon farko na zabura neman igiya, babu igiyar kirki a kasuwa. Na je neman leburori, masu auduga da masu gyaɗa sun riga sun kama su tun kafin ruwan farko ya sauka. Na buɗe sito na tarar wasu ƙiragan an naɗe su da ɗanyantakarsu, sun yi wari. Da kyar rabin kayan ya shiga jirgi, shi ma don Allah Ya sa ruwan shekarar ya daɗe.

To, Nasiru, aikin da yake da lokacinsa, kafin lokacin ake yin mafi yawansa. Tun yanzu da babu mai matsa maka, je ka duba shingen da za a kora shanu ciki, ka girgiza kowane turke da hannunka. Ka tabbata firjin maganin yana da kananzir da lagwani na ajiya. Ka hau keke ka bi rugage, ka san kowane arɗo da sunansa, ku yanke ranar da zai kawo garkensa. Ranar allura ba ranar neman igiya ba ce. Lokacin da kake ganin ba ka da aiki, a nan ne aikin yake.

Shekarar da ta biyo na rantse ba za a kuma ba, sai na faɗa wani ramin. Na shirya da wuri, amma ban yarda da hannun kowa ba. Ni ne mai shanya, ni ne mai warewa, ni ne mai awo, ni ne mai ɗauri. Bello Garga, Bafulatanin nan na Pitowa da kuka taso kuna ce masa kawu, a lokacin ya shigo aiki tare da ni, kuma idonsa a kan fata bai fi nawa rauni ba. Amma in ya ware dami sai na kwance na sake dubawa, har ya gaji ya koma yana tsaye yana kallona. Ina jin daɗin a ce ba abin da ke motsi sai da Sule. Sai ga zazzaɓi ya kwantar da ni a makon da jirgi ya iso. Ba wanda ya san damin wane mahauci ne wanne, domin duk a kaina abin yake. A kan gadon kara aka ɗauke ni zuwa sito, ina lulluɓe da bargo ina karkarwa, ina nuni da yatsa kamar mai rabon gado. Har yau in mahaifiyarka tana son ta ƙure ni wannan labarin take ɗaukowa, ta kwaikwayi yatsan.

Za a ba ka mataimaka. Koya musu duk abin da ka sani, kada ka ɓoye komai don a riƙa nemanka. Za su yi abin ba daidai yadda kake so ba, ka haɗiye, ka gyara sau ɗaya ka bar su. Ka riƙe wa kanka abin da hannunka kaɗai zai iya, kamar haɗa maganin da duba dabbar da ake zargi, sauran ka sake. Tun da na sakar wa Bello warewa na ga ashe rana tana da tsawo.

Yanzu ga babban. Da na gyara waɗannan biyun sunana ya fara fita, zaurena ya cika. Ka san gaisuwar garin nan. Bahaushe zai tambayi kwana da gajiya da iyali da kasuwa, Bafulatani ya ɗora nasa jam na, jam saare, jam ɓandu, a sauke murya a sake ɗagowa, sai an zagaya gida kaf har awaki kafin a zo ga abin da ya kawo mutum, in ma akwai. Sannan ga rakiya. Baƙo ba ya tashi shi kaɗai, kuma girmansa ne yake auna nisan da za ka taka. Tsaranka ka kai shi ƙofa, dattijo ka kai shi bakin unguwa, suruki kuwa sai ya rantse maka kafin ka juya. Ni kuma ina alfahari da cewa ba wanda ya taɓa zuwa ƙofata aka ce masa ba lokaci. Duk wanda ya ce in raka shi wajen alƙali, ko in sa baki a cinikin gida, ko in je ɗaurin aure a Figil, amsata to. Bakina bai iya wata kalma ba.

Ranar da abin ya faru kaya suna ɗaure tsaf a sito, leburori suna jira, abin da ya rage kawai in je in tsaya a kan awo da wakilin jirgi, don ba ya karɓar kaya sai mai su yana wurin. Na sa takalmi ke nan sai ga sallamar wani dattijo daga dangin mahaifiyarka. Na zauna. Aka kawo fura, aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa. Hankalina yana bakin ruwa, bakina yana cewa lafiya lau. Da ya tashi na raka shi, ya ce in koma, na ce haba, muka ƙara gaba. A hanya muka gamu da wani da aka yi wa haihuwa, ya ja mu mu shiga mu yi barka. Muna fitowa daga nan, can bayan gari, na ji ƙaho. Na bar takalmina a hanya na yi gudun da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Na iso na tarar da jirgin ya kai tsakiyar kogi, Bello yana tsaye a bakin sito.

Wahalar mahautan Garwa ta shekara guda ta kwana a sitona. Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Sarkin fawa na lokacin, Allah Ya jiƙansa, ya kira ni gaban mutanensa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi sauƙi. Ya ce sun san ban ci amanarsu ba, kirki ne ya yi mini yawa, amma kirkina ba zai ciyar da 'ya'yansu ba. Za su ba ni damina ɗaya. In ƙiragan baɗi ba su shiga jirgi ba, za su kai wa wani, ni kuma in nemi abin yi.

Kada ka zaci daga nan na yi hankali. Sai da na ƙara wani wautar. Na je kanti na sayi agogon hannu, na rufe zaure, na ce na daina. Mutum yana gaishe ni ina kallon tsintsiyar hannuna. Rakiya na soke ta gaba ɗaya. Mahaifiyar wani mahauci ta rasu, na aika a yi mini gaisuwa don ina shanya. Kafin rani ya raba, garin ya sa mini suna Sule Nasara. Ƙiraga suka fara raguwa, domin mutum ba ya kai amanarsa inda ba a amsa masa sallama. Shugaban leburorin da nake nema ya ce zai duba, kuma na san ma'anar zai duba. Ashe mutanen da nake gani suna cinye mini lokaci, su ne aikin nawa.

Mahaifiyarka ce ta fitar da ni. Wata rana tana tankaɗe ta ce ita ba ta gane wautar maza ba: ita ma tana da baƙi, tana da girki, amma ba ta taɓa barin tuwo a wuta don baƙuwa ba, ba ta kuma taɓa korar baƙuwa don tuwo ba, kowa a unguwar ya san lokacin da ake samunta. Na ce mata harkar kasuwanci ba girki ba ce. Na fita ina gunaguni, amma maganar ta bi ni har sito.

Abin da na yi shi ne na bi gidajen dattawa da ƙafata, na fara da mahaucin da aka yi wa rasuwa, na ba shi haƙuri. Kowa na gaya masa magana guda: daga asuba zuwa la'asar ina bakin ruwa, amanar jama'a ce ke riƙe da ni, amma daga la'asar zuwa magariba ni nasu ne. Na sa aka share gindin dalbejiyar ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, kullum da fura da gyaɗa. Agogon na cire na ba Bello. Wanda ya zo da la'asar zai same ni da kunnuwana biyu, in yi gaisuwar har awaki, in raka shi har inda girmansa ya kai ba tare da zuciyata tana wani wuri ba. Barka da dubiya na tara su ranar Juma'a bayan masallaci. Rasuwa ce kaɗai ke tayar da ni daga aiki a kowane lokaci. Na kuma koya wa bakina cewa ba zan iya ba, wane ya fi ni sanin wannan, je ka wurinsa. Da farko an yi gunaguni. Daga baya majalisar dalbejiya ta fi tsohon zauren cika, domin mutane sun gane gara Sulen la'asar da hankalinsa yake tare da su a kan Sulen safe mai zaune a kan ƙaya.

Kai ma haka za ka yi, kuma tun makon farko, kafin a saba da kai a wani hali. Kada ka jira sai sun zo ka kore su. Riga su zuwa, ka gaida kawunnanka da gwaggwanninka a gidajensu, ka gaya musu da bakinka lokacin da kake nasu. In lokacin ya yi kuwa ka zama nasu da gaske, kada ka shigo musu da takardun biro, wato na ofis. Mutane ba sa jin haushin jira in sun san akwai lokacin da aka ware musu, abin da ke ɓata musu rai shi ne a nuna musu ba su da wuri.

Sai damina ta zo, wadda aka ce ita ce ta ƙarshe gare ni. Ruwan shekarar bai yi ƙarfi ba. Jirgin da zai ɗauki ƙiraga ya iso a makare, ya ɓata kwanaki yana sauke kaya. Ranar da layi ya zo kaina, da sassafe kyaftin ɗin, wani mutumin Lakwaja mai jin Hausa, ya leƙa gungumen nan ya kira mu. Ya ce ruwa ya ja da baya fiye da yadda ya zata, da la'asar zai tashi, abin da ya shiga ya shiga. Ban firgita ba. Kaya a ɗaure suke tun rani, leburori na nan, Bello ya san kowane dami da mai shi. Lokacin zai isa, amma ba rara ko ta shan ruwa. Na tsaya a kan sikeli, aka fara ɗauka.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na ga leburori sun tsaya cak suna kallon bayana. Na juya, sai ga Baffa Iro.

Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami ya rasu. Yayan mahaifina ne, shi ya ɗauke ni da mahaifina ya rasu, ya rene ni a Mindif a gindin dutsen nan, ya yi mini aure. Ya yi shekaru bai tako Garwa ba saboda tsufa. Ga shi tsaye da sandarsa, ƙurar mota a rawaninsa, ya je gida bai same ni ba ya ce a kawo shi inda nake. Ka san abin da ake yi wa irin wannan baƙo. A ajiye komai, a kai shi gida, a ba shi ruwa, a yanka rago, a zauna a gabansa har sai ya ga damar faɗin abin da ya kawo shi. Duk wanda ke tashar nan ya san haka, shi ya sa suka sauke damunan daga kansu tun ban ce komai ba. Bello ya dube ni ya sunkuyar da kai.

A ranar an riga an rubuta sunanka a lekol, mahaifiyarka har ta ɗinka maka riga. Na san in na bi Baffa gida, jirgin zai tafi, mahauta za su kwashe amanarsu, mu tattara mu koma Mindif noma, kai kuma ka bi awaki. Na kuma san in na bar mutumin da ya rene ni a tsaye a bakin ruwa, yana iya juyawa ya tafi, kuma bakinsa a kaina ba abin wasa ba ne.

Na je na durƙusa na gaishe shi, gaisuwa gajera wadda ban taɓa yi masa irinta ba. Na ɗauko tabarmar da muke salla a kai na shimfiɗa a inuwar sito, na kawo ruwa da ƙwaryar nono. Sannan na ce, "Baffa, amanar mutane ce a bakin ruwan nan, jirgin kuma da la'asar zai tashi. Ka yafe mini, ka ba ni zuwa la'asar."

Ya dube ni, ya dubi damunan, ya dubi jirgin, ya zauna. Na koma kan sikeli na ce a ci gaba. Ban iya waiwayawa ba, ina jin idonsa a ƙeyata.

Abin da na manta shi ne labari ya riga ya shiga gari cewa Baffan Sule ya zo. Kafin wani lokaci sai ga mutane suna gangarowa tasha, 'yan Mindif mazauna Garwa, surukai, abokan majalisa, kowa zai zo ya yi mini barka da baƙo, in kai shi gaban Baffa, in tsaya a yi gaisuwa. Na hango su na ce shi ke nan, abin da na guda ya biyo ni har bakin ruwa. Amma na ga shiru, ba wanda ya iso wurina. Da na saci kallo sai na ga Baffa ya ja tabarmarsa daga inda na shimfiɗa ta, ya kai ta daidai bakin hanyar da ke shigowa sito, ya gitta sandarsa. Wani ya tambaye shi ina Sule, na ji amsar da kunnena.

"Yana aiki. Zo ka gaishe ni, ni na rene shi."

Haka ya yi wa kowa. Ya karɓi gaisuwar da Hausa, ya karɓa da Fulatanci, ya ja ta yadda yake so, ya tambayi gida da gona da waɗanda suka mutu tun zamanin Jamus. Sarkin fawa da kansa ya zo duba kayansa, Baffa ya nuna masa gefen tabarma, ya zauna. Samarin da suka biyo iyayensu kuwa bai bar su zaune ba, ya ce ƙafarsu lafiya take, su je su ɗauki dami. Muka tsaya muka yi azahar a bayansa, muka koma. Ƙiraga suna shiga jirgi kamar ana zuba hatsi a rumbu, Bello yana kiran sunan mai kaya, ni ina awo, ba wanda ya ce mini ina gajiya.

Kafin ladan ya kira la'asar dami na ƙarshe ya shiga. Har wuri ya ragu, muka ƙara da abin da muka tsamo mai kyau daga kayan bara. Wakilin jirgi ya rufe, kyaftin ya busa ƙaho. Karo na farko a rayuwata na ji ƙahon nan ina tsaye a inda ya kamata in tsaya, sitona wayam. Leburori suka yi shewa, mahauta suka taso suna kama hannuna, sarkin fawa ya ce a gaban kowa amanarsu ta zauna a hannuna har sai na ce na gaji. Na yi dariya, hawaye kuma suna zuba, ban ɓoye ba. Bayan kwana kaɗan yashi ya fito a tsakiyar kogi, ba jirgin da ya sake hawowa a shekarar.

Na je na durƙusa gaban Baffa na ce ga ni, la'asar ta yi. Ya miƙo hannu na tashe shi, muka kama hanyar gida a hankali, jama'a na biye da mu. Sai da muka yi nisa ya yi magana. Ya ce labari ya iske shi a Mindif cewa na zubar da kayan mutane bara, bana kuma na zama Nasara ba na amsa sallama, shi ya sa ya taso da tsufansa don ya kwashe mu ya mayar gida kafin in ƙarasa zubar da sunan gidanmu.

"Na fasa," in ji shi. "Na ga abin da na zo gani. Yanzu a yanka ragon, yunwa nake ji."

Daga wannan daminar kayana ba su sake kwana a sito ba har jirage suka daina zuwa. A cikin ƙirgin nan na gina gidan da ka tashi a ciki, na kai mahaifiyarka Makka, ka yi lekol har ka zama abin da ka zama. Ina faɗa da bakina ba kunya: na ci nasara a kan kogin nan, kuma ban rasa mutum ko ɗaya ba wajen cin ta. Wanda ya ce maka sai dai ka zaɓa tsakanin aikinka da mutanenka, ka ce masa mahaifinka ya riƙe duka biyun.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar. Duk tsarin da ka yi, wata rana wanda ba ka iya ce wa jira ba zai zo maka a tsakiyar aiki. Kada ka ɓoye masa, kada ka aika a ce ba ka nan. Ka durƙusa, ka ba shi inuwa da ruwa, ka gaya masa gaskiyar abin da ke hannunka da lokacin da za ka gama. Babba na gaske zai gane, wani ma ya tsare maka ƙofa.

Na kuma san wanda zai fara yi maka haka, domin ni ne. Da damina ta ɗauke aka fara kora shanu shinge, zan hau motar Marwa in zo Bogo. Tabarmar Baffa ta daɗe da mutuwa, amma na sayi sabuwa mai faɗi, tana naɗe a bayan ƙofa. In na iso na tarar da kai cikin shanu, kada ka ajiye allurar nan saboda ni. Nuna mini inuwa da hannu ka ci gaba. Dangin mahaifiyarka da 'yan Mindif duk su zo, ina da gaisuwar da za ta ishe su har awaki. Wanda ya tambaye ni ina Nasiru, na san abin da zan ce masa.

Allah Ya tsare ka daga ƙahon sa da sharrin mutum, Ya sa albarka a safiyarka da yammacinka, Ya sa kowane garke ya tashi da allurarka ya dawo lafiya. Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule Mai Ƙirgi